Igiyar da Na Sassauta a Mutum Biyu

Wata damina ni da mijin ƙanwata, malamin makaranta, muka baro Jalingo muka kafa tanti biyu a gonar shinkafa a gefen garin Mutum Biyu. Da hadari ya haɗu sai na sassauta igiyoyin tantina, don igiyar rama in ta jiƙe tsukewa take yi. Ya yi mini dariya gaban 'yan ƙwadago, ya ce, "Yaya, rashin gama firamare ke nan." Ya ƙara tamke nasa.

Ruwa ya kece da la'asar. Igiyoyinsa suka tumɓuke turaku, tantin ya rufta kan buhunan takinsa. Ya zo ƙofata yana rawar sanyi. Na shigar da 'yan ƙwadagon duka, shi kuwa na ce babu wuri. Akwai wuri. Har yau ƙanwata gaisuwar dole take mini, ni kuma ban yi nadama ba.