Inna Dija da Fulawar Amana

Shekara ashirin da biyu, rana ba ta taɓa riga Inna Dija isa ƙaramin asibitinmu na Bukkuyum ba. Ta share, ta wanke zannuwan ɗakin haihuwa, ta yi wa awaki faɗa kamar suna jin Hausa. A watan nan ta ajiye tsintsiya.

A shekarar 2000 aka yi wa ungozomarmu, Sista Patience, canjin wurin aiki. Ta bar wa Inna wata fulawa mai yaɗo, mai ƙananan ganye launin azurfa, wadda ke zubowa daga bakin tukunya. Daga gidan marigayiya mahaifiyarta a Jos ta ɗebo ta, kuma ita kaɗai ta rage mata, don an sayar da gidan.

Inna ba ta taɓa ganin lafiyayyen ganye fari ba. A ganinta ƙishirwa ce, sai ta dinga ɗura mata ruwa safe da yamma, ta ƙara da taki. Kafin damina saiwar ta ruɓe, reshe ɗaya ya rage. Malami mai gadi ya ce ta zubar, wa zai tambaya?

"Ni ka tambaya," in ji Inna. "Wagga amana ta, ba tawa ta ba."

Ta kwantar da reshen a kan yashi cikin kasko, ta danne shi da tsakuwa, ta hana kanta taɓa buta. Kwana goma sha tara tana zagaya kaskon kamar mai jinya, abinci ma ba ya shiga. Ranar da ya yi toho, mun ga hawayenta.

Da Patience ta zo bikin sallamar Inna makon jiya, ta tarar da barandar asibitin ta lulluɓe da azurfa. Inna ba ta ɓoye komai ba.

"Ɗiyata, na kusa kashe miki ita. Tsoron ganinki nika yi."

Patience ta durƙusa, ta kama hannunta. "Inna, ko a wurin Mama ba ta yi yawa haka ba."

Inna Dija, ke ce aka ba ki abin da ba wanda zai bincika, kika riƙe shi shekara bakwai. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda aka bar wa ajiya, ya riƙe ta kamar yadda kika riƙe. Yanzu ki ci tuwonki da daɗi, mai kaya ta ga kayanta.