Ƙafar Baba a Kan Ciyawar Abuja

Litinin: daga Koki zuwa Zuba

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar Asuba, muka fito daga gidanmu na Koki, ni da mahaifina. Inna ta rako mu zaure da kwanon dambun nama. Baba na tafe yana ɗingishi, ba don ciwo ba, sai don sabon takalmi sau-ciki da na saya masa, na kuma sa ya yi mini alkawarin ba zai cire ba sai in alwala ko barci.

Ga abin da ya fitar da mu. Shekara talatin da huɗu Baba yana aiki a wani filin golf a nan Kano. A can, da'irar da ramin ƙwallo yake ba ciyawa ba ce, yashi ne da ake cakuɗawa da baƙin mai. Baba ke kwaɓa shi, ya baje, ya share, kuma da tafin ƙafa yake gane ko haɗin ya yi. Shi ya sa ƙafarsa ta rine baƙi ƙirin, har Inna ta kafa dokar kada ya kuskura ya taka mata tabarmar baƙi. Bana sabon manaja ya ce zamani ya bar yashi, ciyawa za a shuka. Ya tura Baba kwas na kwana biyu a Abuja: in ya dawo da takardar shaida, shi zai shugabanci masu kula da ciyawar, in bai samu ba sai ritaya. Da Turanci ake kwas ɗin, Baba kuwa karatun allo ya yi, don haka na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa na zama tafinta. Ba zan ɓoye ba, kunyar ƙafar nan ce ta sa na sayi takalmin.

Adaidaita sahu ya kai mu tasha a naira dubu ɗaya, motarmu ta cika ƙarfe bakwai. Mun wuce Kwanar Dangora direba ya leƙo ta madubi.

"Baba, Abuja kasuwanci ko ziyara?"

"Makaranta za ni."

"Ikon Allah! Me za a karanto?"

"Ciyawa."

Motar ta kwashe da dariya, har da Baban. Wani fasinja ya ce shi da ya sani da ya turo akuyarsa, tun tana ƙarama take nazarin fannin.

Shinge uku muka tarar kafin Zariya, ba wanda ya sauke mu. A Mararrabar Jos muka ci shinkafa da wake, faranti dubu ɗaya da ɗari biyar, Baba na cewa man bai ji ba. Muka yi Azahar da La'asar a Tafa, ƙarfe huɗu da rabi muka sauka Zuba, gidan Yaya Auwalu, ɗan wan Baba mai sayar da lemo a kasuwa. Tafiyar ta haura kilomita ɗari huɗu, Baba bai cire takalmi ba sai sau biyu.

Talata: aji

Ƙarfe takwas muna filin golf ɗin da ake kwas ɗin, tafiyar minti arba'in daga Zuba. Ɗalibai ashirin ne, yawancinsu sa'o'ina, kowa da kwamfuta. Malamar wata 'yar kudu ce da ake kira Madam, haihuwar Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar 'yar Ƙofar Mazugal.

Ta ce kulob ɗin da ya dogara da tsofaffin mambobi kaɗai yana kan hanyar rufewa. Yanzu mata ake jawowa da matasa, ana ba da hayar fili don walima, ana haƙa rijiyar burtsatse a sa mata sola. Ta nuna yadda ake kunna ban-ruwa da wayar hannu. Ina fassarawa ƙasa-ƙasa, Baba na rubutawa da ajami a bayan takardar da aka raba mana.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa na ci, "ita wayar ta taɓa taka filin?"

Na zungure shi ya yi shiru.

Da yamma aka yi jarrabawar rubutu. An yarda in karanta masa tambaya in rubuta amsarsa, amma sunayen taki da na magani suka kayar da mu. Madam ta ce a gaskiya makinsa bai kai ba, sai abin da gwajin fili ya nuna gobe. A mota, da muka kusa gidan Yaya Auwalu, Baba ya ce, "In na zauna a zaure daga safe zuwa yamma, me zan riƙa yi da hannuna?" Tausayinsa ya kama ni.

Laraba: rami na bakwai

Ƙarfe tara aka kai mu da'irar rami na bakwai. Ciyawar a kwance lif, sai dai gefe guda ta fara yin rawaya. Aka ba kowa wani ɗan ƙarfe da ake cakawa a ƙasa ya nuna danshi. Tambayar ɗaya ce: me ke damun wurin? Duk wanda ya caka sai ya ce ƙishi ne, a ƙara ruwa.

Baba ne na ƙarshe. Ya caka, ya dubi lambar, ya girgiza kai. Sai na ga ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi.

"Baba, alkawari fa!"

"Ki yafe ni, Uwata. A cikin abin nan ni makaho ne."

Ya ajiye su a gefe kamar mai shiga masallaci. Baƙaƙen ƙafafun nan suka hau koren ciyawa, wani ya tuntsire da dariya, biyu suka ɗaga waya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya yi ta takawa a hankali, yana danna dunduniya, ya je ya dawo, sannan ya tsaya cak.

"Madam, wannan ba ƙishi ba ne. Sama ce ta bushe, ruwa na kwance a ƙarƙashi. In aka ƙara, saiwar za ta ƙarasa ruɓewa."

Madam ta sa aka kawo abin yanka rami, aka zaro ƙasa mai tsawon kamu ɗaya daga inda ya tsaya. Samanta a bushe, gindinta baƙi, yana ɗiga, yana warin kwata. Da ma'aikata suka tona gefe, sai ga bututu a tsage. Ashe bakin ƙarfen gwajin gajere ne, bai kai can ba.

"Baba, wa ya koya maka?"

"Yashi," in ji shi.

Madam ta sunkuya ta cire nata takalmin, ta ce kowa ya cire ya zo ya ji abin da Baba ya ji. Mutum ashirin suka bi bayansa ƙafa ba takalmi, yana nuna musu inda za su danna. Ni ma na cire nawa, ina share hawaye da bakin mayafi, kuma wannan karon kunyar kaina nake ji. Ƙarfe biyu aka kira sunansa aka miƙa masa takarda. Madam ta haɗa masa da curin lafiyayyar ciyawa, ya dasa a kwanon dambun da muka cinye.

Alhamis: gida

Mun bar Zuba ƙarfe bakwai, takardar a cikin rigarsa, kwano a cinyarsa, takalmi a jakata. A Zariya manaja ya kira ya ce ranar Asabar za a fara, Baba ya zo da wuri. Ƙarfe huɗu muka shiga Koki.

Inna ta buɗe kwano ta yi salati. "Mazan mutane na kawo tsarabar atamfa, ni ciyawa?"

Na zaunar da ita na ba ta labari tun daga farko. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tabarmar baƙi, ta shimfiɗa a tsakar gida. Baba ya zauna a bakin-baki yadda ya saba, ƙafafunsa a ƙasa.

"Malam," in ji Inna, "hau da ƙafarka."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Auwalu da iyalinsa, da Madam, da direban da ya yi mana dariyar ciyawa. Takalmin yana nan a ƙarƙashin gadon Inna, duk mai lamba arba'in da uku ya zo ya ɗauka.