Buhun da Aka Tanadar wa Laraba

A gidanmu na Ƙofar Galadima, idan damina ta yi nisa, ba a kashe murhu da an sauke tuwo. Kakarmu, wadda muke kira Iya, takan sa a bar garwashin, ta jera masara a kai, mu kuma jikoki mu kewaye ta bayan sallar magariba. Kullum akwai kyanwarta a gefen zaninta, wata fara mai ɗigon baƙi a hanci. Ran Laraba aka tsince ta a bakin kwata, shi ya sa sunan ya bi ta.

A wata damina ƙuma ta kama Laraba. Sai ka gan ta tana susa kamar za ta yage fatarta, gashin wuyanta duk ya zube. Ba a jima ba ƙuraje suka feso wa Umar, jaririn Baffa Isa, ƙanen mahaifina. Matarsa ta kwana biyu ba barci saboda kukan yaron. Da la'asar Baffa ya dawo daga ofis, ya ɗauko buhu ya rataye a ƙusar zaure.

"Gobe da safe zan kai ta bayan Wusasa in yar," in ji shi. "Ba za a kashe min ɗa saboda mage ba."

Iya tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ni kuwa na shige bayan ɗaki na sha kukana.

Da yamma muka taru kamar kullum. Baffa yana kan benci can gefe, ya kara rediyo a kunne. Iya ta juya masara, ta ce, "Ku matso, ga wata nan za ta wuce."

"A tsayar mana da ita!" muka amsa.

Ta ce wai an yi wata tsohuwa a bakin daji, tana da kare mai tsaron awaki da kyanwa mai tsaron rumbu. Ran nan ana ruwa, sai ga baƙi biyu a jiƙe, Kaska da Ƙuma, suna roƙon wurin fakewa. Kare ya ce wa Kaska ta shiga bayan kunnensa, Kyanwa ta ba Ƙuma wuyanta. Ruwa ya ɗauke, baƙi suka ƙi tafiya. Suka ci, suka sha, suka hayayyafa. Kare ya rame har haushi ya gagare shi, Kyanwa kuma susa ta hana ta kamun ɓera. Da cizon ya kai ga tsohuwa, sai ta ɗauki muciya ta kore su duka biyun, ta rufe ƙofa, ta ce yau za ta yi barci.

Nan Iya ta tsaya, ta ɓare masara ta miƙa wa ƙaramarmu. Haka take yi idan ta ga mun ƙagu.

"Ta yi barcin, Iya?"

"Ina fa! Ai ƙwan Kaska na cikin tsagar bango, 'ya'yan Ƙuma na cikin tabarma. Da suka farka da yunwa suka duba, ba kare, ba kyanwa. Wa ya rage a gidan?"

"Tsohuwa!"

"To, kun gani."

Ta ce kafin wata ya ƙare, tsohuwa ta zama abin tausayi. Ga cizo, ga ɓeraye sun huda rumbu, ga kura ta ɗauke mata akuya. Ta ɗauki sandarta ta shiga nema, ta iske su a gindin tsamiya sun haɗa kai. Ta ba su haƙuri. Ta dafa ganyen darbejiya ta wanke su, ta zauna tana cire kaska ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a wuta, a hankali don kada kan ya tsinke a cikin fata. Ta ƙona tsohuwar tabarma, ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe duk wata tsaga. Daga ranar gidan ya yi lafiya.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Wanda ya yi gyangyaɗi, shi ya sani."

Na saci kallon Baffa. Rediyon na kunnensa, amma babu sautin da ke fita daga ciki. Can ya miƙe ya ce mana sai da safe.

Washegari na riga kowa leƙa zaure. Buhun na nan, keken Baffa ne babu. Wajen hantsi ya dawo da wata hoda a ƙunshe.

"Iya, na yi tunani jiya," ya ce. "Ko an yar da ita, ƙumar na nan cikin ɗaki. Na je wajen likitan dabbobi. Ya ce a shafa mata wannan, kuma kada a kuskura a sa mata kananzir ko maganin kare, kashe ta zai yi."

"Kai, madalla da wannan dabara," in ji Iya. "Allah ya yi maka albarka."

Ranar gidan ya zama kamar jajiberin Sallah. Aka fito da katifu rana, aka zuba wa tsummokara tafasasshen ruwa, aka ƙona buhunan da Laraba ke kwana a kai. Baffa da kansa ya riƙe ta, tana yaƙushinsa, Iya na shafa hodar. Ƙurajen Umar suka bushe. Laraba ta yi sabon gashi, ta rayu har ta tsufa a gidan.

Yanzu ina aure a Gyallesu, 'ya'yana ma suna da kyanwa. Maganin ya sauya, ɗan ruwa ne ake ɗiga mata a bayan wuya, sai dai har yau likita na maimaita gargaɗin nan na kada a haɗa mata da na kare, kuma a gyara makwancinta. Na daɗe ina ɗauka abin da Iya ta koya mana ke nan. Sai da babban ɗana ya fara gemu, ya fara yanke hukunci da ƙarfin murya, na gane sauran. Baffa uba ne da ya tsorata, kuma ya riga ya furta magana a gaban matarsa da yara. Da Iya ta ce masa a'a, ko dai ya bi ta cikin jin kunya, ko ya saɓa wa uwarsa. Sai ta juya wajenmu ta yi ta ba mu labari, ta bar shi ya sauko da ƙafarsa.

Baffa Isa ya tsufa yanzu, ya yi ritaya. A sunan ɗiyar Umar na ji shi yana ba jikokinsa labarin yadda ya ceci wata kyanwa da kowa ya ce a yar. Ya juyo gare ni ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Hadiza?"

Na ce, "Haka aka yi, Baffa."