Kwalbatin Maman Vicky

Sunanta Larai Shekari, amma a unguwar Nasarawa mijinta kaɗai ke kiranta da shi. Kowa Maman Vicky ya sani. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa aka kawo ta Kaduna tana amarya, lokacin mijinta Matthew yana aiki a masaƙa a Kakuri. Suka kama ɗaki biyu a gidan Alhaji Lawal mai sayar da katako, kuma a gidan nan ta yi shekara goma sha tara. Ni na yi shekara shida a ɗakin da ke kallon nata.

Sana'arta markaɗe. Tana da inji a wata rumfar kwano a bakin kasuwar unguwa, tana markaɗa wake da tattasai da tumatir, wani lokaci gero na masu kunu. Gajera ce mai faɗin kafaɗa. Muryarta ta saba gasa da ƙarar inji, ko gaisuwa take yi sai baƙo ya ɗauka faɗa ne.

Tsakanin gidanmu da kasuwar akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci. Da rani mukan tsallake ta kan katakai biyu da Alhaji ya bayar. Da damina ruwa ya tafi da katakan, sai an zagaya ta babban titi, tafiyar rabin awa. Mota ba ta shigowa ɓangarenmu. Shi ya sa haya a wurin ta fi ta ko'ina arha, shi ya sa kuma irinmu muka taru a can.

Kowace safiya ma'aikacin ƙaramar hukuma yakan zo rumfarta ya yanka mata tikiti. Duk zamanin soja tana biya ba ta taɓa cewa uffan ba. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, wani saurayi mai suna Ben, ɗan wata maƙwabciyarmu, ya ci kansila. Sai bakinta ya buɗe.

“Da can wa zan tambaya, soja?” in ji ta. “Yanzu kuwa wanda zan tambaya, ni na yi wa uwarsa wankan jegon ƙaninsa.”

Ta tare Ben ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ta ce ya gaya mata inda kuɗin tikitinta yake zuwa.

“Mama, ba ni ke riƙe da kuɗi ba, ciyaman ne.”

“To kai ni wurin ciyaman.”

Ben ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi. Ita kuwa ta tara matan zumunta na cocinsu da matan kasuwa, Kirista da Musulmi, suka fara zarya zuwa sakatariya. Sau huɗu suna zuwa ana cewa ciyaman yana taro.

Ana cikin haka rikicin shekarar 2000 ya ɓarke, garin ya rabu. Alhaji Lawal ya kwashe iyalinsa ya tsallaka kogi zuwa arewa, wasu kuma da yawa suka tsallako kudu suna neman ɗaki. Ya so ya sayar da gidan tun lokacin, amma duk wanda ya zo ya ga kwazazzabon sai ya yi tayin wulaƙanci.

Da ƙura ta lafa, Maman Vicky ta koma sakatariya da matan da suka rage. A zuwa na biyar suka zauna a gaban motar ciyaman har ya fito.

“Ranka ya daɗe, ba kyauta muka zo roƙo ba,” in ji ta. “Kuɗin da muke biya kullum, shi muke so a zuba a ramin nan. Ka zo ka gani da idonka.”

Ya zo bayan mako biyu. Motarsa ta tsaya a bakin ramin, ya sauka ya leƙa. A ranin 2002 aka gina kwalbati, aka zuba jar ƙasa, aka ja magudanar ruwa har ƙofar gidanmu. Ran da tasi ta farko ta tsallako, Maman Vicky ta kashe inji da rana tsaka ta fito tana rawa. Har yau masu acaɓa kwalbatin Maman Vicky suke ce wa wurin, da yawansu ba su san ko wace ce ba.

Ba a yi wata takwas ba dillalan gidaje suka fara yawo a layinmu. Wata Asabar Alhaji Lawal ya zo da kansa. Bai aiko kowa ba, wannan kam ta riƙe masa shi a matsayin mutunci. Ya zauna a benci a tsakar gida yana juya hularsa, idonsa a ƙasa.

“Maman Vicky, na sayar da gidan.”

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Shekara biyu ina neman mai saye,” in ji shi. “Yanzu da hanya ta zo an ba ni ninki uku. Ni ma can haya nake yi, da mutum goma sha ɗaya a kaina. Na roƙa muku wata uku.”

“Allah ya sa albarka, Alhaji,” ta ce. Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta.

Sabon mai gidan rushewa zai yi, ya gina ɗakuna masu bayi a ciki don ma'aikatan ofis. Muka bazu. Ita da Matthew suka zagaye Nasarawa kaf, ko'ina haya ta ninka, ga shi a lokacin masaƙa ta sallami ma'aikata, Matthew yana zaune a gida. Ben ya zo yana ba ta haƙuri. Ta ce masa ya daina, aikinsa ya yi.

Suka koma Gonin Gora, ɗaki ɗaya. A can na same ta wata rana, na tambaye ta ko tana nadama.

“Nadamar me? Yara sun daina faɗawa rami,” in ji ta. “Abin da ban sani ba shi ne, duk abin da hukuma ta zuba a unguwa, a hannun mai gida yake ƙarewa. Mu masu haya muka yi zarya, mu muka biya tikiti, shi ya ɗauki ribar. Kuma ba sata ya yi ba. Abin da ke damuna ke nan, na rasa wanda zan zaga.”

Daga nan ta ƙudurta ba za ta mutu a gidan haya ba. Matthew ya koma ƙauye ya yi damina biyu yana noman citta, ita ta shiga adashe. Suka sayi ɗan fili a Kakau, can ciki tsakiyar gonakin masara, inda ba hanya, ba wuta, ba ruwa. Suka tayar da ɗaki uku, bulo ɗari yau, kwano goma gobe. Matthew ya kwana a ƙarƙashin rufinsa shekara biyu kacal, ya rasu a 2009. Bayan rasuwarsa ta ba wani malamin firamare mai suna Ernest hayar ɗaki ɗaya, shi da matarsa Naomi da jaririnsu.

Bayan shekara uku ƙaramar hukuma ta haƙa rijiyar burtsatse a kusa, aka kafa turakun wuta, aka share hanya. Wannan karon ba ita ta roƙa ba. Dillali ya zo ya gaya mata ɗakin da Ernest yake ciki yanzu ya kai ninki biyu, yana da mai kamawa gobe in tana so.

Ta kore shi, amma maganar ba ta bar ta ba. Gwiwa ta fara hana ta tsayuwa a inji, ciniki ya ragu don masu markaɗe sun yi yawa, ga 'yarta Vicky tana makarantar koyon jinya. Ta yi mako uku tana juya abin. A ƙarshe ta kira Ernest, ta gaya masa duk abin da dillalin ya faɗa, ba ta rage komai ba. Ta ce ba za ta ninka ba, amma za ta ƙara kashi ɗaya cikin uku, kuma ba za ta sake taɓawa ba sai bayan shekara biyu.

“Mama, albashina bai ƙaru ba,” in ji Ernest.

“Na sani, Malam. Da ina da yadda zan yi, da ban kira ka ba.”

Ya biya, amma gaisuwarsa ta yi gajarta. Da shekara ta zagayo ya samu ɗaki a wani ƙauye gaba da Kakau, inda wuta ba ta kai ba tukuna, ya kwashe iyalinsa. Ita ta taya Naomi ɗaure kaya. Ba ta taɓa ce mini ta kyauta ba, ba ta kuma ce ta yi laifi ba. Ta dai ce ranar ta fahimci dalilin da ya sa Alhaji Lawal ya kasa kallon fuskarta.

Yanzu ta tsufa, ta dawo da injin ƙofar gida. Ba ta fasa zaɓe ba. Duk ɗan takarar kansila da ya zo neman ƙuri'a yana alkawarin kwalta, takan bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ina masu haya za su koma in kwaltar ta zo. Wasu su yi dariya, wasu su ce za a duba. Naomi takan kawo mata wake duk ranar Asabar a kan acaɓa, ko da yake akwai inji a ƙauyensu. Sukan yi hirar yara da tsadar manja har markaɗen ya gama.