Fitilar Birkin da Na Rufe wa Baki

Kafin in zama abin da alƙali ya kira ni, ni malamin makaranta ne. Shekara huɗu na yi ina koyarwa a wata firamare ta ƙasar Sule Tankarkar, kuma har yau in na ga kuskuren rubutu a jikin allon shago sai hannuna ya nemi jan biro. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Gumel ba sa bukata, waɗanda ba su san ni ba kuwa ba su yi asarar komai ba. Saboda matasa na rubuta wannan, musamman masu kaifin kai, domin irin laifin da na yi sai mai karatu yake iya shi.

Tun ina koyarwa nake zama da yamma a garejin wani mai gyaran wayar mota. Daga kallo na koma miƙa sukundireba, daga nan na ajiye alli na buɗe shagona. Abin da na ƙware a kai shi ne mita, wato allon nan da ke gaban direba, mai maleji da allurar mai da ta zafin inji da ƙananan fitilun gargaɗi. Masu gyara da yawa tsoronta suke ji. Ni kuwa bi da bi nake mata, kamar gyaran jarrabawa: in duba fiyus, in duba wayar da ke manne da jikin mota, in duba soket ɗin bayanta, sai a ƙarshe in buɗe ta. Akwai mitar da ke mutuwa da azahar in rana ta gasa mota, ta farfaɗo da la'asar. Direbobi su ce aljanu ne. Sau da yawa dalma ce ta tsage a ciki, in na ɗiga sabuwa sai aljanin ya yi ƙaura. Sana'a ce mai tsabta, kuma tana ciyar da ni.

Sai Alhaji Tanimu ya zo. Dillalin motoci ne, yana shigo da tsofaffi ta iyaka ya wanke su ya sayar. Ranar farko wata mota ya kawo da fitilar inji a kunne. Na ɗauko abin gwaji, ya dafa hannuna.

"Malam, ba gyara na zo nema ba. Shiru nake so ta yi."

Na cire ƙwan fitilar. Na gaya wa kaina cewa ƙaramar matsala ce take yi wa kuka, kuma a wannan karon gaskiya ne. Bayan wata guda ya kawo wata, ya ce malejinta ya yi tsufa da yawa. Na mayar da shi baya. Na koyar da lissafin ɗebewa a aji uku, ban taɓa zaton a nan zai yi mini rana ba. Kafin shekara ta zagayo, mota kan shigo shagona da furfura ta fita tana yarinya.

Amma akwai masu sayen da ba a ruɗa su da cire ƙwai. Sun san cewa in ka murɗa makulli sau ɗaya ba ka tayar da inji ba, dole duk fitilun su kama, in inji ya tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba, an taɓa ta. Wani ya kama Alhaji da haka, Alhaji ya dawo mini yana huci. Kwana biyu na yi ina tunani, sannan na samo dabarar da na yi alfahari da ita. Sai in buɗe mitar, in yanke hanyar fitilar da ake so ta yi shiru, in ɗauko siririyar jar waya in haɗa ta da fitilar batir. Ka murɗa makulli su kama tare, inji ya tashi su mutu tare. Fitila tana nan, tana haske a kan lokaci, amma ba ta ƙara jin abin da motar ke gaya mata.

Wata Litinin ya kawo ƙaramar bas. Jar fitilar birki ce ke kamawa, domin man birki yana zuba daga wani bututu can ƙarƙashi, kaɗan-kaɗan, in an taka da nauyi ya ƙaru. Na ce masa wannan ta makanike ce, a canza bututun. Ya ce bututun sai an aika Kano, mai saye kuma da la'asar zai zo. Ya rantse zai canza bayan ciniki. Na san ba zai canza ba, shi ma ya san na sani. Na ɗaura jar wayata, shi kuma ya cika man birki har baki.

Ranar Laraba da yamma bas ɗin ta tsaya a ƙofar shagona. Wani dattijo ya fito, ya rufe ƙofar a hankali kamar mai gudun tada barci. Sunansa Baba Sale, mutumin Ɗanzomo, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya ya sayi bas don ya riƙa jigilar 'yan kasuwa. Alhaji Tanimu kuwa yana zaune a bencina, ya kawo wata motar, yana shan fura.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Malam, an ce kai ne likitan mita. Zo ka ga wani abu."

Ya zauna, ya murɗa makulli, ya ƙirga fitilun da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tayar da inji, suka mutu. Sannan ya ja birkin hannu ya kalle ni.

"Ka gani? Shekara talatin ina tuƙi. In ka ja wannan, jar fitilar nan sai ta kama. Wannan ba ta kamawa."

A duk motocin da na yi wa aikin nan, ba wanda ya taɓa jan birkin hannu yana kallon mita. Alhaji ya ajiye ƙwaryar furar.

"Haba Baba, motar da ka saya shekaranjiya har ka fara neman ta da laifi? Ko amarya ai ana ba ta mako guda."

"Alhaji, ni ban ce tana da laifi ba. Tambaya na zo yi."

Na ɗauko kayan aiki na shiga binciken cutar da ni na sa. Na cire fiyus na ɗaga shi a haske, lafiya lau. Na duba makunnin da ke ƙarƙashin birkin hannu, yana aiki. Na bi waya har bayan mita, wuta tana isowa. Ina yi ina jan lokaci, Baba yana tsaye a kaina, hannuwansa a baya, yana gyaɗa kai kamar sufeto ya shigo aji.

"To, tunda wuta na zuwa har nan," in ji shi, "saura cikinta. Buɗe mu gani."

Sukurori huɗu ne tsakaninsa da jar wayata. Sukundireba tana hannuna. Na san in na buɗe ba bas ɗin nan kaɗai na buɗe ba, duk motar da ta taɓa fita daga shagon ce. Na ɗaga kai, Alhaji yana kallona, ba ya ko ƙiftawa.

"Baba, irin wannan mitar ba a buɗe ta haka," na ce. "Akwai wani ƙaramin abu da ke ƙonewa a ciki, sai na aika Kano. Ka dawo ranar Asabar."

Baba ya yi nazarin fuskata. Sannan ya ce, "Gobe Alhamis, kasuwar Maigatari. Na yi wa mutane alkawari. Kai ka san aikinka, ɗana. In tafi?"

"Ka tafi, Baba. Fitila ce kawai."

Ya yi godiya, har ya sa mini albarka.

Washegari na tashi da wata dabarar, irin ta matsorata. Na sayi kwalbar man birki na sa a aljihu, da niyyar in je tasha in ce ina wucewa ne, in buɗe bonet in ƙara masa. Ba zan faɗi gaskiya ba, amma zan saya masa kwana ɗaya. Sai dai ko wannan ɗin ban yi shi da wuri ba. Na tsaya wurin mai shayi, na buɗe shago, na share ƙofa, ina shirya kalmomin da zan faɗa. Kowa a Gumel ya san motocin ranar kasuwa ba sa jiran hantsi, ni ma na sani. Da na isa tasha aka ce mini ai dattijon nan mai sabuwar bas ya cika tun ɗazu, har da buhuna a sama.

Na hau babur na bi hanyar Maigatari. Titin cike yake da motocin awaki da amalanke da masu babur ɗauke da kaji. Idona yana kan kwalta ina neman ɗigon mai, kamar zan iya bambance nasa da na sauran. Duk bas ɗin da na hango sai in ɗauka ita ce, in na matso in ga ba ita ba ce. Ina ta lissafi a kaina: sau nawa zai taka birki, nawa ke zuba a kowane taku, nawa ya rage. A mota mai gaskiya, da man ya yi ƙasa fitila za ta kama tun da sauran tafiya, kuma mutum irin Baba Sale a take zai sauka gefen titi. Wannan damar ce na yanke.

Dab da shiga gari na ga motoci sun tsaya, mutane na gudu zuwa wuri guda.

Waɗanda suka gani sun ce garken shanu ne ke tsallaka titi zuwa kara, wato kasuwar shanu, da masu kora su. Baba ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sauke giya, ya ja birkin hannu, ya danna hon, nauyi ya ƙi tsayawa. Sai ya karkatar da motar ya nufi wata darbejiya, ya ba ta gefensa. Fasinjoji da yawa sun fita da ƙafafunsu. Matar da ke zaune a bayansa ba ta fita da rai ba. Sunanta Talatu, daga Gagarawa Tasha, zoɓo ta kawo sayarwa. Ina cikin waɗanda suka zaro Baba daga kujera, kwalbar tana bugun cinyata. Wani ma ya ce mini Allah ya saka da alheri.

A asibiti Baba ya gaya wa 'yan sanda cewa fitila ba ta kama ba, kuma ya faɗi inda ya kai motar jiya. A gabana jami'in duba motoci ya kwance sukurorin nan huɗu. Ya daɗe yana kallon dalmar, sannan ya ce, "Wannan aikin mai ilimi ne." Shi ne yabo na ƙarshe da sana'ata ta samu. Alhaji Tanimu ya ce shi goge mita kawai ya kawo, bai san waya ba, bai san dalma ba. Ya samu nasa rabon a kotu, amma hannun da ya yi aikin nawa ne, kuma ban yi musu ba.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Wuri ne da ake da lokaci fiye da abinci. Mahaifiyata ta rasu ina ciki. Na koya wa wasu fursunoni karatu, kuma kullum in na ce wa wani ya gyara kuskurensa sai in ji kunyar bakina. A can na yi ƙoƙarin tuna kowace mota da na taɓa. Na rubuta waɗanda na tuna na ba jami'ai, aka samo wasu. Sauran suna kan titi har yanzu, ban san a hannun wa ba.

Da aka sake ni, Ɗanzomo na fara zuwa. Na tarar da Baba Sale a zaure a kan tabarma, ƙafa ɗaya an yanke ta daga gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa har ƙarshe, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake so in ji daga bakinka, ba daga bakin lauya ba. Da na ce in tafi, ka sani?"

"Na sani, Baba."

Ya gyara zama a kan tabarmar.

"To. Ƙafa tawa ce, na yafe. Amma Talatu ba tawa ba ce da zan yafe ta. Mijinta yana nan a Gagarawa Tasha, da 'ya'ya huɗu. Ka san hanya."

Ku matasa, masu koyon sana'a da masu takardar makaranta, ga abin da zan ce muku. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini in kashe mutum. Ƙwan fitila aka ce in cire, kuma a ranar ina da hujja mai kyau. Duk matakin da ya biyo baya ma ina da hujja, domin mai ilimi ba ya rasa ta. In aka kawo muku abin da ke kuka aka ce ku sa shi shiru, ku gyara abin da yake yi wa kukan, ko ku miƙa wa mai shi makullinsa. In kuwa kun riga kun yi, kuma wani ya tsaya a gabanku ya tambaye ku ko ya tafi, ku faɗa masa a wurin, ko da wa ke zaune a benci. Kunyar wannan yammacin da na guda ba ta kai kwana ɗaya na abin da ya biyo baya ba.

Na tuba ga Allah, ina kuma fatan Ya karɓa. Gagarawa Tasha kuwa sau uku ina zuwa. Ina yin sallama a ƙofar gidan, a shiga a faɗa, a dawo a ce mini maigidan ya ji. Bai taɓa fitowa ba, kuma ba dole ne ya fito ba. Ranar Juma'a zan koma.