Gumakan Assuriya a teburin mai shayi

A unguwar Mile 2 Diobu, can kudu, shekaru da yawa muna karyawa a teburin wani mai shayi, Bahaushe ne Kirista daga ƙasar Zazzau. Baba yake kirana, kuma ya san ba na son sukari.

Wata shekara wani mai wa'azi ya zo daga arewa, a gidana ya sauka, ni na gabatar da shi a masallaci. Cikin wa'azinsa ya ce littafin Kirista ya umarce su da bauta wa gumakan Assuriyawa na dā, har ya ambaci wani gunki Nisrok, ya ce da sunansa suke dafa abinci. Washegari bencin mai shayin ya zama wayam, 'yan okada da 'yan dako suka koma wani teburin.

Bayan kwana uku na je wurin mai shayin da hantsi, ba don shan shayi ba. Ya ɗauko littafinsu na Hausa daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe wurin. Na ƙi taɓawa, shi ya riƙe min. Karatun bokona kaɗan ne, na bi da yatsa daga nesa har sau biyu. Sarkin Assuriya ne, maƙiyin mutanen littafin, ya kewaye birninsu bai ci nasara ba, ya koma gida yana sujada a ɗakin gunkinsa Nisrok, 'ya'yansa suka kashe shi a wurin. Babu umarni ko ɗaya. Ya nuna min wasu wurare, duk tsine wa gumakan ake yi.

"Baba, ka gani da idonka," ya ce. "Kai za su ji. Ka faɗa musu ranar Juma'a."

Na ce masa in sha Allahu.

Ban faɗa ba. Baƙona ne malamin, kuma na ji tsoron a ce dattijon masallaci ya koma karanta littafin coci. Juma'a huɗu suka wuce ina cewa sai ta gaba. Na riƙa bi ta wani layin don kada mu haɗa ido da mai shayin.

Kafin azumi ya sayar da teburin, aka ce ya koma Onitsha. Daga baya na faɗi gaskiyar a masallaci, mutane suka gyaɗa kai, wasu ma sun manta da zancen. Na tambayi direbobin Onitsha har na gaji. Babu wanda ya san inda yake.