Labarin da Baba Ya Ƙi Saurara

Ni ɗan Treichville ne, a unguwar Arras aka haife ni. Mahaifina mai saukar baƙi ne. Fatake daga arewa a gidanmu suke sauka, su ci, su kwana, su damƙa masa takardun kayansu ba tare da shaida ba. Ni ne mai Faransanci a gidan, don haka ni ake aika tashar jiragen ruwa in fito da kayan.

Da katan ɗaya na fara. In cire, in ce 'yan duwan, wato kwastan, ne suka riƙe. Wa zai tuhumi ɗan maigida? Daga nan na koyi kwaikwayon hatimi da sa hannu. Na kai ga sayar da kontenar wani baƙonmu sukutum, aka kama ni a Adjamé. Fatake suka daina sauka a gidanmu, Baba ya ce ba shi da ɗa.

A kaso, wato gidan yari, ɗakinmu cike yake maƙil, amma ba mai jin Hausa. Sai in yi kwanaki ban buɗe baki ba. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Ƙanwata Hajara kaɗai ke zuwa, da burodi naɗe a takarda. A kan takardar nan na fara rubutu da guntun bik, wato biro, shafi ɗaya kullum bayan asuba, a kan gwiwata. Na tsara labarin wani mutumin kirki da abokai suka ɓata. Ni da na rubuta har hawaye na yi. Na ba Hajara ta karanta wa Baba.

Ta dawo kai a sunkuye. "Yaya, a shafi na biyu ya ce in tsaya. Wai wannan ma jabu ne."

Wata guda ina fushi, kafin na yarda gaskiya ya faɗa. Na koma rubutu, duk layin da ya wanke ni in soke shi. Na rubuta yadda na ci tuwo kwano ɗaya da baƙon nan mai kontena alhali na riga na sayar da kayansa, yana sa mini albarka ina cewa amin. Wata bakwai na yi a kai, sannan na ba Hajara ta sake karanta wa Baba.

"Ya saurara har ƙarshe," in ji Hajara. "Ya ce ba shi ya kamata a karanta wa ba. Ya aika wa Alhajin da ka cuta."

Na ci gaba da rubutu kullum, ina jiran ya zo. Bai zo ba. Ranar da aka sake ni, Hajara ce kaɗai a bakin ƙofa. Wata biyu ke nan da rasuwar Baba.

Na tuba, yanzu dako nake yi a kasuwa, ina kuma rubutu. Alhajin ya aiko cewa ya yafe. Samari, kada ku taɓa kayan wanda ya amince muku, ko katan ɗaya ne. Ni dai har yau ban sani ba ko Baba ya yafe mini, kuma babu wanda zan tambaya.